Tattaki a bakin iyakar Koriya biyu: buɗe ido ne ko ganganci?

Dan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke karatu a Koriya ta Kudu ya bugo waya, wai hutun nan shi da abokansa za su yi tattaki a wata hanya da gwamnatin can ta buɗe a bakin iyakarsu da Koriya ta Arewa. Mutum ya goya jaka, ya riƙe gorar ruwa, ya yi ta taka sayyada, waya mai ƙaya na gefensa, soja na kallonsa. Hajiyarmu tun da ta ji hankalinta bai kwanta ba. Ni a ganina ganganci ne tsantsa, kuma gwamnatin da ta bar farar hula su je shan iska a inda manyan bindigogi ke saitin juna ba ta kyauta ba. Wanda ya san wurin ya yi mana bayani, in na hanawa ne in hana shi tun da wuri.

Bakatsine77
Wa alaikumussalam. Hana shi kawai. Karatu aka tura shi, ba leƙen gidan Kim Jong Un ba.

Malam_Tarihi
Kafin a yanke hukunci bari a san wurin tukuna. Yaƙin Koriya ya fara a 1950, aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli 1953 a Panmunjom, wani ƙauye da ke kan iyakar, kuma har gobe ba a sa hannu kan sulhu ba. Abin da aka yi shi ne an ja layi, kowane ɓangare ya ja da baya kilomita 2, sai aka sami wani zirin fili mai faɗin kilomita 4 da tsawon kusan kilomita 250, daga gabar yamma zuwa ta gabas. Shi ake ce wa DMZ. Ta kudu kuma akwai wani layin na biyu, wanda bai wuce kilomita 10 daga ainihin iyakar ba, farar hula ba ya tsallake shi sai da izinin soja. Har manoman da gonakinsu ke ciki sai sun nuna takarda. Hanyar da ƙanenka ke magana a kai ita suke kira hanyar zaman lafiya. An fara buɗe sashenta na Goseong, a bakin tekun gabas, ranar 27 ga Afrilu 2019, shekara guda cif bayan ganawar Moon Jae-in, shugaban Kudu na lokacin, da Kim Jong Un na Arewa. Daga baya a shekarar aka buɗe na Cheorwon da na Paju.

Dalibi_a_Daegu
Yaya Dan_Fagge, ni ma a nan nake karatu, kuma na taka wani ɓangare na hanyar ta wajen Paju. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai doguwar hanya, sama da kilomita 500 daga Ganghwa zuwa Goseong, wadda mafi yawanta ta cikin ƙauyuka da gonakin shinkafa da bakin kogi ta bi. Wannan kowa na iya bi, akwai alamu a jikin turakun wuta da ke nuna maka inda za ka karya. Sai kuma gajerun sassa da ke shiga yankin soja. Su sai ka yi rajista ta intanet tun kafin ranar, a tantance ka, a sa ku a mota, a sauke ku ku taka ɗan wuri, jagora a gaba, soja a baya.

Abin da ya ba ni mamaki, yawancin waɗanda na haɗu da su tsofaffi ne. Mata 'yan shekara sittin da wani abu, riguna ja da ɗorawa, hular rana mai faɗi, sanda biyu a hannu, suna hira suna dariya. Wata ma ta tsayar da ni ta cika min hannu da lemo. A gefenmu kuwa shinge ne ya fi mutum biyu tsawo, an naɗe samansa da waya mai reza, kowane ɗan taƙi akwai ɗakin gadi da kyamara. A wasu wuraren za ka ga ɗan jan ƙarfe mai kusurwa uku rataye a waya, alamar akwai nakiya a bayan nan. A kan tituna kuma akwai manyan tubalan siminti da aka ɗora a gefe, in yaƙi ya tashi a fasa ƙasansu su faɗo su tare wa tankoki hanya. Mutanen wurin ko kallonsu ba sa yi.

Maman_Ilham
Kai ɗana, ka ce nakiya a bayan waya, sannan ka ce tsofaffi na dariya? Ni wannan bayanin naka ƙara min tsoro ya yi. Uwa ce kawai ta san abin da Hajiya ke ji.

TsohonSoja_Kd
Hajiya Maman_Ilham, tsoronki yana kan hanya. Ni da na sa kaki zan gaya muku, a irin wannan wuri ban damu da sojan da ke can tsallake ba kamar yadda na damu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Soja yana da oga, yana jiran umarni. Nakiya ba ta da oga. Ana ƙiyasta waɗanda aka binne a wannan yanki sun haura miliyan ɗaya, kuma da yawa tun zamanin yaƙi suke, taswirar inda aka sa su ta ɓace. Sannan damina na ɗaukarsu. 'Yan Arewa suna da wata iri da ake yi da akwatin katako, ruwa na iya kwaso ta ya ajiye a bakin kogi ta kudu, na'urar neman ƙarfe kuma da ƙyar take jin ta. A watan Agusta 2015 irinta ta tashi da sojojin Kudu biyu a bakin ƙofar shinge ta wajen Paju, ɗaya ya rasa ƙafa biyu, ɗaya ya rasa guda.

Amma duk da haka ban ce a hana yaron ba. In zai bi inda aka share aka ce a bi, lafiya lau. In kuwa irin yaran nan ne masu sauka daga hanya don neman hoto, ko su ga wani akwati a bakin ruwa su ce bari su taɓa, to gara ya zauna a ɗakinsa.

Bakatsine77
To kun ji dai. Soja ma da horonsa ya rasa ƙafa, ina ga ɗalibi?

Dalibi_a_Daegu
Malam Bakatsine, waɗancan sojojin cikin DMZ ɗin suke sintiri, bayan shinge. Mai bin doguwar hanyar nan ba ya kaiwa can. Kuma in kusanci ne abin tsoro, birnin Seoul kansa kamar kilomita 50 ne daga iyakar, manyan bindigogin Arewa na iya kai masa. Kusan rabin mutanen ƙasar a Seoul da kewayenta suke kwana. In abin ya tashi, wanda ke cikin aji da wanda ke kan hanyar duk kanwar ja ce.

Yar_Mubi
Ku kuna ta maganar Koriya, ni tunanin gida kuka tayar min. Muna yara Turawa na zuwa da manyan jakunkuna su hau duwatsun Mandara. Wasu su hau Sukur ta Madagali, su bi hanyar nan da aka shimfiɗa da duwatsu har fadar Hidi, sarkin Sukur, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Wasu su tsallaka Kamaru su je Rhumsiki kallon duwatsun nan masu tsini da bokan da ke duba da ƙaguwa. Samarinmu na yi musu jagora da dako, mata na sayar da tukwane da saƙa. Iyaka ce, amma ba wanda ya damu da ita. Daga 2013, da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai ta wajen Waza, sai ƙafa ta ɗauke. A 2014 Gwoza ta faɗi, Mubi ta faɗi, muka gudu Yola da kayan jikinmu. Yanzu shingen bincike ne ko'ina. Wallahi da za a ce yau an share hanya ɗaya, soja sun tsare ta, baƙi sun dawo hawan Sukur, da mutanenmu sun yi murna. Don haka ni ba na ganin laifin gwamnatin Koriya.

Malam_Tarihi
Allah ya kiyaye na gaba, 'yar uwa. Sai dai akwai bambanci. A Koriya gwamnati biyu ne, kowace ta san layinta, akwai ma wayar tarho tsakanin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da sojojin Arewa. A Mandara wanda ake tsoro ba shi da layi, ba shi da ofis, ba wanda ya sa hannu a kan komai. Iyakar da soja suka cika maƙil takan fi wadda ba kowa aminci ga mai tafiya.

Yar_Mubi
Na yarda da wannan, Malam. Abin da nake nufi, mutanen bakin iyaka su ma suna son su ci abinci. Garuruwan can na Koriya na tabbata su ma dokar soja ta hana su gina masana'antu da manyan gidaje, shi ya sa suke neman baƙi.

Dalibi_a_Daegu
Haka ne Anti. Yankunan nan matasa sun watse zuwa birni, da yawan shagunan da sojojin da ke fitowa hutu suke rayuwa. Duk namiji lafiyayye a nan sai ya yi aikin soja, wata 18 a sojan ƙasa. Waɗanda za ka gani a shingen duk sa'annina ne, wasu ma an katse musu jami'a ne.

Ustaz_Gyadi_Gyadi
Addini dai ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, wannan ba saɓani. Kuma ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don ɗaukar darasi daga abin da ya sami mutanen da suka gabata. Abin dubawa shi ne wanne ya fi rinjaye, zaton tsira ko zaton halaka. Amma ni abin da na fi kallo a maganar Dan_Fagge shi ne mahaifiya. In ta ce ba ta yarda ba, tafiyar nan ba farilla ba ce. Ya rarrashe ta, in ta ƙi ya haƙura.

Sadiq_Hamburg
Bari in kawo na Jamus. Iyakar da ta raba Gabas da Yamma ta kai kusan kilomita 1,400, da nakiyoyi da karnuka da hasumiyoyin gadi, an kashe ɗaruruwan mutane masu neman tsallakawa. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989, masu kare muhalli suka lura cewa wurin da aka hana mutum shiga shekara da shekaru ya cika da tsuntsaye da tsirran da suka ɓace a wasu wurare. Suka nemi a bar shi. Yanzu hanyar siminti da motocin sintiri ke bi ita mutane ke bi da ƙafa da keke. Amma ku lura, Jamusawa sai da rigimar ta ƙare, aka tone nakiyoyin, sannan suka fara yawo. Koriya ta sa keke a gaban doki ne, tun ba a sasanta ba ta fara gayyatar 'yan kallo.

Hauwa_Tsuntsaye
Sadiq ka taɓo inda nake so. Haka DMZ ɗin ta zama. Shekara 70 a mafi yawan wurin ba noma, ba sare itace, ba farauta. Duk hunturu wasu manyan tsuntsaye dangin gauraka, farare masu jan tabo a ka, suna sauka a filayen shinkafar Cheorwon su ci ragowar hatsi, kuma a duniya 'yan dubbai kaɗan suka rage. Akwai barewar ruwa, akwai awakin dutse, akwai aladun daji. Masu nazarin halittu ma tsoron sulhu suke, don sun san ranar da aka buɗe wurin 'yan gini za su shigo da katafila.

Bakatsine77
Ikon Allah. Wato tsuntsu ya fi son nakiya a kan ɗan Adam.

Malam_Tarihi
Sadiq, maganarka tana da ƙarfi, kuma tarihi ya goya maka baya ta wani gefen. Daga 1998 'yan Kudu na zuwa yawon buɗe ido a dutsen Kumgang, cikin Arewa, kusan mutum miliyan 2 suka je. A watan Yuli 2008 wata mata 'yar shekara 53 ta fita da asuba tana tafiya a bakin teku, ta shiga inda soja suka hana, wani sojan Arewa ya harbe ta. Daga ranar aka rufe tafiyar, har yau ba a sake buɗewa ba. Ga kuma Amurkawan nan uku da suka je hawan dutse a Kurdistan ta Iraƙi a watan Yuli 2009, dakarun Iran suka kama su a bakin iyaka. Macen ta fito a 2010, mazan biyu sai Satumba 2011. Duka biyun taku kaɗan ne ya jawo.

TsohonSoja_Kd
Duka misalan Malam sun dawo kan abin da na faɗa. Ba wanda aka je har kan hanyarsa aka taɓa. Su suka sauka daga hanya, ko suka je inda babu alama.

Sadiq_Hamburg
Ranka ya daɗe, ai matsalar ke nan. In kuskuren taku goma hukuncinsa harsashi ne, wurin bai dace da yawon shaƙatawa ba. Ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana wani ya kauce.

Zainab_Siyasa
Ni ban damu da haɗarin ba kamar yadda na damu da manufar. Wannan hanya siyasa ce. An buɗe ta lokacin da ake ɗasawa. A Satumba 2018 ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar soja, kowa ya rushe ɗakunan gadi 10, aka fara tone nakiyoyi a wani tudu a Cheorwon don a nemo ƙasusuwan sojojin da suka mutu tun lokacin yaƙi. A Yuni 2019 har Trump ya taka ƙasar Arewa a Panmunjom. To sai me? Yuni 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓa na Kaesong da bam. Nuwamba 2023 ta yi watsi da yarjejeniyar. A 2024 ta dinga aiko da balan-balan ɗauke da shara, Kudu ta kunna lasifikoki, a Oktoba Arewa ta fasa titunan da suka haɗa ƙasashen. Duk wannan ana yi, sunan hanyar bai canja ba, ana ta ɗaukar hoto a gaban allon zaman lafiya. Mutum ya je ya sha iska ya dawo yana jin kamar ya yi wani abu, alhali can tsallake mutane na cikin ƙangi.

Dalibi_a_Daegu
Anti Zainab, da siyasa a ciki, ban musa ba. Amma akwai abin da na gani a Imjingak, inda hanyar ta ratsa. Akwai wani dandamali na dutse da ke fuskantar arewa. Tsofaffin da aka raba da danginsu tun suna yara suna zuwa ranar bikinsu na kaka, su jera abinci, su durƙusa. Na ga wani dattijo, jikarsa na riƙe da hannunsa, ya ɗaure ƙyalle a jikin waya ya rubuta sunan ƙauyensu. Wayar duk ta cika da irin waɗannan ƙyallaye, wasu rana ta cinye rubutun. Rabon da a haɗa iyalan da aka raba tun Agusta 2018, kuma kullum mutuwa suke. Wannan dattijon ba hoto ya kai shi ba.

Direban_Konni
Wannan maganar ta dangi mu muka san ta. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ni ina Konni, ƙanwata na aure a Illela, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba. Mijinta ya kwanta ciwo, sai ta daji na bi da ƙafa da dare, masu kaki suka tare mu suka karɓe ɗan abin da ke aljihuna. Wata bakwai da wani abu kawai muka yi a haka muka ji jiki. Su shekara 70. Mu tattakin bakin iyaka dole ce ta sa mu, su kuma har rajista suke yi su biya kuɗi. Duniya ke nan.

Alhaji_Kumasi
Tambaya daga gefe. An ce akwai 'yan Afirka da suka yi yaƙin Koriyar nan, gaskiya ne?

Malam_Tarihi
Gaskiya ne Alhaji. Sarki Haile Selassie ya tura bataliyar Kagnew daga Habasha, sun yi faɗa a tsaunukan tsakiyar ƙasar, kuma akwai gidan tunawa da su a garin Chuncheon. Afirka ta Kudu kuma ta tura matuƙan jiragen yaƙi.

Maman_Ilham
An bar maganar yaro an koma Habasha. Ɗalibi, ka gaya min tsakani da Allah, in abu ya ɗan rikice suna rufe hanyar ko sai an ji ƙarar harbi?

Dalibi_a_Daegu
Suna rufewa Mama, har ma mutane na ƙorafin saurin rufewar. Watanni kaɗan da buɗe ta a 2019 cutar aladu ta ɓulla a yankin, aka rufe, korona ta biyo baya. A Yuli 2023 wani sojan Amurka, Travis King, ya ruga da gudu ya tsallaka Arewa a Panmunjom ana tsaka da zagayawa da baƙi, nan take aka dakatar da kai mutane wurin. Sassan da ke cikin yankin soja ma ba duk shekara suke a buɗe ba, da sanyi ana rufewa. Kuma lokacin da na nemi shiga ɗaya daga cikinsu, cewa aka yi na 'yan ƙasa ne. Ƙanen Yaya Dan_Fagge ya fara dubawa, mai yiwuwa iyakarsa doguwar hanyar nan ta cikin gonaki.

Dan_Fagge
Na gode jama'a. Na tura masa bayanan Ɗalibi da na Baba TsohonSoja. Ya ce ta Cheorwon za su bi, ba za su shiga shinge ba. Ni dai har yanzu ina tare da Sadiq, ban ga dalilin da za a mai da bakin bindiga wurin shaƙatawa ba. Amma maganar hanawa na bar wa Hajiya, kamar yadda Ustaz ya ce.

Zainab_Siyasa
Kai ma ka zille ke nan, ka jingina wa tsohuwa.

TsohonSoja_Kd
In ta bar shi, ka ce masa kada ya je bayan ruwan sama mai ƙarfi, kada ya sauka bakin kogi, kada ya ɗaga waya ya ɗauki ɗakin gadi, kuma fasfonsa ya kasance a aljihu. Soja ya ce tsaya, ya tsaya, ko bai ji yaren ba.

Sadiq_Hamburg
Wurin da sai an ba ka dokoki biyar kafin ka fita miƙe ƙafa, ni dai ban kira shi hutu ba.

Hauwa_Tsuntsaye
In Cheorwon ne ya bari sai Disamba ko Janairu, lokacin tsuntsayen sun sauka. Sai dai sanyin wurin ba na wasa ba ne, yana cikin mafi tsanani a ƙasar.

Yar_Mubi
Wai cikinku akwai wanda ya hau Chappal Waddi ta Gashaka kwanan nan? Shi ma a kan iyakar Kamaru yake, kuma shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ɗan yayata ke son zuwa da abokansa, ina so in ji yadda hanyar take ta Serti da Gembu, da ko ana ba da masu rakiya.

Bakatsine77
Ga wani kuma. Shi ma a hana shi.